Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan majami'un Kaduna game da Kirsimetin gidajenmu

Zuwa ga iyayenmu fastoci, limamai da dattawan ikilisiyoyi na birnin Kaduna da kewaye,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da Allah ya damƙa muku kiwonsa. Ina neman gafararku tun kafin in shiga magana, domin ba tarbiyyarmu ba ce 'ya ta miƙe a gaban iyayenta tana nuna musu hanya. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a cikin ɗakunanmu yake faruwa, inda idon mai wa'azi ba ya kaiwa. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu da jikoki biyu, ina zaune a Narayi, na yi fiye da shekara 20 ina koyarwa a makarantar Lahadi, kuma ina cikin zumuntar mata tun ina amarya.

Bara, a Lahadi ta uku ga Disamba, wani baƙon mai wa'azi ya hau bagadi a majami'armu ya yi kusan awa guda yana tsine wa abin da ya kira Kirsimetin duniya. Bishiyar ado ya ce gunki ce, Baba Kirsimeti ya ce ƙaryar Shaiɗan ce, sabon ɗinki da shinkafa da rawa ya haɗa su a kwando ɗaya ya ce bautar ciki ce da alfahari. Jama'a na ta cewa amin. Yana sauka sakataren ikilisiya ya tashi da takardar sanarwa, ya karanto kuɗin ankon zumunta, da kuɗin hayar rumfa da kujeru na daren waƙoƙin Kirsimeti, da gudummawar ƙawata majami'a, da ambulan ɗin kyautar ƙarshen shekara, kowanne da ranar da za a rufe karɓa. Babu wanda ya ga abin mamaki a cikin wannan, har da ni. Sai da muka shiga Keke Napep za mu koma gida, jikata mai shekara 7, wadda ta kwana uku tana kwana da sabon takalminta a ƙarƙashin matashi, ta taɓa hannuna ta ce, "Kaka, takalmina zunubi ne?" Na ce mata a'a. Ta ce to me ya sa Baba Fasto ya ce haka. Har muka sauka ban sami amsar da zan ba ta ba tare da na zubar da mutuncin mai wa'azin ba, kuma shekara guda ke nan ina juya tambayar a raina.

A Kakuri na girma, lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana kuma jiniyar canjin ma'aikata ita ce agogon unguwa. Mahaifinmu ma'aikacin masaƙa ne. Idan Disamba ta kama, shi da abokan aikinsa sukan haɗa kuɗi su sayi sa a yi watanda, kuma ba a yanka shi sai an kira wani malami maƙwabcinmu ya sa wuƙa, domin kowa a gidan haya ya iya ci ba tare da shakka ba. Daren 23 ga wata uwarmu takan zauna gaban murhu tana suyar cincin, mu kuma muna yanka ƙullun da reza a kan faranti, hunturu na tsaga mana leɓe. Daren 24 mahaifinmu yakan tara mu a tabarma, ya ɗaga lagwanin fitilar ƙwai, ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta Luka sura 2 daga farko har inda makiyaya suka koma suna yabon Allah, sannan ya tambaye mu ɗaya bayan ɗaya abin da muka ji. Wanda ya yi gyangyaɗi sai ya sake jin surar daga farko. Washegari bayan sujada a ɗora mana kwanukan shinkafa a ka, mu bi ƙofa ƙofa, mu dawo da 'yan sulalla a aljihun sabuwar riga. A duk tsawon wannan ban taɓa jin wani ya raba kwanakin gida biyu ya ce wannan na Allah ne, wancan na duniya ne ba. Hannun da ya buɗe mana Luka shi ne ya raba naman watanda, kuma a idonmu na yara aiki ɗaya yake yi.

Kun fi ni sani cewa Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Almasihu ba. Shaidar farko da ake da ita ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, a shekara ta 336, kuma har yau 'yan'uwanmu na Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu. Bishiyar ado al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila a shekarun 1840 bayan da gidan sarautarsu ya karɓe ta, daga nan ta biyo Turawa zuwa ƙasashenmu. Baba Kirsimeti kuwa asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, aka san shi da yin kyauta a ɓoye, kafin Amurkawa su sa masa jar riga da tumbi. Ita kanta shinkafar da muke ganin Kirsimeti ba ta cika sai da ita baƙuwa ce a gidajen da yawa daga cikinmu, domin kakata tuwon acca take tuƙawa ranar, anko kuma daga Yarbawa muka aro shi. Kusan duk abin da muke yi a wannan biki wani ne ya ɗauko shi daga al'adar mutanensa ya kawo gaban Ubangiji. Idan haka ne, asalin abu kaɗai ba zai isa hujjar haramta shi ba, sai an duba abin da yake haifarwa a gidan da ya shiga.

Magabatanmu a wannan jiha sun riga mu gane haka. Majami'ar da aka gina a Wusasa a 1929 da ƙasa aka gina ta, bisa fasahar maginan Hausa, kuma tana nan tsaye. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, harshen da ya zama na sujada ga kabilu da dama da ba shi ne nasu na gado ba. An yi zamanin da wasu 'yan mishan suka hana ganga da rawa a cikin sujada, amma iyayenmu mata suka shigo da kiɗan tulu da guɗa, har ya zama yau babu wanda zai iya tunanin zumuntar mata ba tare da su ba. Da an bi ƙa'idar baƙon mai wa'azinmu tun wancan lokaci, da tulun nan ma yana waje.

Ba ina cewa babu ɓarna ba ne. Akwai ta, kuma zan fara da tawa. Wata shekara, ina da yara uku a makaranta, na karɓi kwasar adashina tun Nuwamba, na ƙara da bashin wata mai sayar da atamfa, domin kada 'ya'yana su fita da ɗinki ɗaya alhali na maƙwabta suna da bibbiyu. Mun ci, mun sha, an yi mana hoto. Mako na biyu ga Janairu aka koro babban ɗana daga makaranta saboda kuɗin zango, ya yi kwana 9 a gida, sanye da rigar Kirsimetin da ta jawo masa zaman. Ban manta yadda ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon 'yan'uwansa suna tafiya ba. Wannan ita ce Kirsimetin duniya da na sani da idona: bashi da gasa da tsoron bakin mutane. Sauran kuma ba ɓoyayyu ba ne. Akwai magidancin da ke barin gida tun safiyar 25 ga wata ba a sake ganinsa sai an ɗauko shi daga mashaya, akwai samarinmu da ke haɗa giya da ƙwaya su hau babur, akwai direban da ke son ya yi sawu uku a rana a kan hanyar Kachia saboda fasinja sun yi yawa. A kan waɗannan muna roƙonku ku ɗaga murya fiye da yadda kuke yi, ku kira kowanne da sunansa. Amma idan aka haɗa takalmin yarinya da kwalbar mashayi a hukunci ɗaya, yarinyar ce take tafiya gida da nauyi a zuciya, shi kuwa mashayin bai ma zo sujadar ba.

A nan ne nake roƙon ku ƙara haƙuri da ni, domin maganar za ta taɓo majami'a kanta. Wani kaso mai yawa na matsin da iyalai ke shiga a Disamba daga takardar sanarwarmu yake fitowa. Bara na ajiye ambulan ɗin da suka shigo gidana tsakanin godiyar kaka da sabuwar shekara, na ƙirga 11. Kowace ƙungiya tana da nata anko, kuma matar da ba ta ɗinka ba ta san inda za ta zauna, can baya, ko kuma ta ce ba ta jin daɗi ta ƙi zuwa. Na san gwauruwar da ta daina zuwa zumunta daga Nuwamba har Fabrairu kowace shekara, kowa kuma ya san dalili, ba mai faɗa. Yusufu da Maryamu da suka kai jaririn Haikali, hadayar da Luka ya ambata ta kurciyoyi biyu ce ko 'yan tattabarai biyu, wadda Littafin Firistoci ya keɓe wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Ina tambayar kaina ko irin wannan iyali za su iya biyan kuɗin shiga Disambarmu. Ina roƙo majalisun dattawa su zauna tun Oktoba su haɗa duk abin da za a nema a wurin mutum ɗaya su kalle shi gaba ɗaya, su rage, su kuma hana ƙungiyoyi fitar da sabon anko kowace shekara. Zanen zumunta da muke da shi bai tsufa ba.

Bayan kuɗi akwai lokaci, wanda a ganina ya fi kuɗin tsada. Daren waƙoƙin mata daban, na matasa daban, na yara daban, na unguwa daban, ga na haɗin gwiwar majami'u, ga gwajin waƙa kusan kullum, ga taron ƙarshen shekara na kowane kwamiti, ga ɗaurin aure kowace Asabar, har a kai daren tsallake shekara. A cikin kwana 24 na farkon Disambar bara, sau 4 kacal iyalina suka ci tuwon dare a tare, kuma babu ɗayanmu da ya je wani wurin banza, duk muna majami'a, kowa a nasa ɓangare. Muna kuka cewa iyaye maza sun daina jagorantar addu'a a gida, alhali mun kwashe duk maraicen da za su yi ta. Abin da mahaifina ya yi mana da fitilar ƙwai bai buƙaci lasifika ko janareta ba, maraice ɗaya kawai ya buƙata wanda babu wanda ya kira shi taro. Ku bar mana daren 24 ga Disamba, ko aƙalla ku gama abin da za ku yi kafin faɗuwar rana. Ku buga 'yar takarda guda, da Hausa da Turanci, mai nuna ayoyin da za a karanta da waƙa biyu daga littafin waƙoƙi da tambayoyin da uba ko uwa za su yi wa yara, ku raba ta kyauta. Magidanta da yawa suna so, kunya ce take hana su, domin ba wanda ya taɓa nuna musu ta inda ake farawa.

Sai maganar tafiya gida. Duk wanda ya bi ta tashar mota ta unguwar Television a makon Kirsimeti ya ga yadda rabin kudancin birnin nan ke ɗaure kaya zuwa Zonkwa da Kafanchan da Kwoi da Kagoro da ƙauyukan da ke bayansu. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya sa iyalai da yawa sun koma tura mutum ɗaya a madadin kowa, wasu kuma rashin tsaro ya raba su da ƙauyen da za su je. Duk da haka masu iko suna tafiya, kuma na sha jin ana yi musu gugar zana daga bagadi cewa sun bar sujada sun tafi rawar gargajiya. Iyayena, ga yaron da aka haifa a Sabon Tasha ko Ungwan Boro, wanda Hausa da Turanci kaɗai yake ji, wannan mako ɗaya shi ne damarsa ta jin harshen Tyap ko Jju ko Hyam daga bakin kakarsa, ya ga rumbu da gonar citta, ya san kabarin kakansa. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da tarukan ci gaban gari da ake sawa a wannan lokaci, su ne suke riƙe da zumuncin da birni ke tsinkawa. Inda akwai tsafi na gaske a cikin wata al'ada, ku da kuka yi karatun tauhidi kuma kuka fito daga waɗannan garuruwa kun fi kowa sanin wurin, sai ku nuna shi da yatsa ku ce ga shi, mu kauce masa. Hukuncin jimla a kan duk abin da aka buga wa ganga yana sa matasa su ɗauka cewa dole su zaɓi ɗaya tsakanin Almasihu da kakanninsu, kuma wasunsu idan aka matsa musu ba majami'a suke zaɓa ba.

Game da Baba Kirsimeti da bishiya, ni dai ba su dame ni ba, ko da yake ina dariya idan na ga an manna auduga a reshen roba wai ƙanƙara ce, a garin da hazo ya rufe rana. Jikokina sun san cewa mutumin da ke cikin jar rigar wani kawu ne da gumi ya jiƙa, ban taɓa ce musu daga sama ya sauko ba. Na ba su labarin da ake bayarwa game da Nikolas, cewa ya jefa kuɗi cikin dare a gidan wani matalauci mai 'ya'ya mata uku domin a iya yi musu aure, bai bari an gan shi ba, kuma tun daga nan suke gasar ɓoye wa juna kyauta. Abin da ya fi damuna shi ne bikin yara da ake sa wa kuɗin shiga, a makaranta ko a harabar majami'a, inda ɗan mai hali zai fito da leda cike, ɗan marar hali yana leƙe ta taga. Idan za a yi a harabar majami'a, a yi wa kowane yaro, in ba zai yiwu ba a bari.

Akwai al'ada ɗaya da nake ganin ta fi duk sauran kusa da zuciyar bikin, ita ce kuma take mutuwa ba tare da an yi mata wa'azi ko ɗaya ba. A Nehemiya 8:10 an ce wa jama'a su tafi su ci mai daɗi su sha mai zaƙi, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka shirya, domin ranar tsattsarka ce. Ci da sha da aikawa duk a cikin aya ɗaya suke, kuma tsarkin ranar ne aka ba da dalilinsu. Kwanon da muke kai wa maƙwabta a Kakuri wannan aya yake cikawa, ko da uwarmu ba ta san lambarta ba. Tun rikicin Fabrairun 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwambar 2002, garin nan ya rabu, Kirista suka tattara kudu da kogi, Musulmi suka tattara arewa, har muka haifi yaran da ba su taɓa karɓar naman layya daga hannun maƙwabci ba, su ma na can ba su taɓa ɗanɗana cincin ɗin Kirsimeti ba. Hajiyar da muka yi shekara 12 muna shanya a igiya ɗaya ta koma Tudun Wada a wancan lokaci. Kowace Kirsimeti ina tura ɗana da kula biyu ya haye gada ya kai mata, kajin kuma a wurin Musulmi nake sa a yanka kamar yadda mahaifina yake yi, ita ma da Babbar Sallah ƙullin namanta ba ya fashi. Wani ɗan'uwa a majami'a ya taɓa ce mini wannan sassauci ne a bangaskiya. Ina so in ji daga bakinku, a kan bagadi, cewa ba haka ba ne, ku kuma ƙarfafa kowane gida ya fitar da kwano aƙalla biyu, ɗaya zuwa ga wanda ba addininmu ɗaya ba, ɗaya zuwa ga gwauruwa ko maraya ko iyalin da aka raba da ƙauyensu suka zo suka raɓe a unguwanninmu.

Bana na riga na gaya wa shugabar zumuntarmu cewa ba zan ɗinka sabon anko ba, da tsohon zanena zan zo, kuma a gaba zan zauna. Kuɗin zangon Janairu na jikokina na ware shi tun kafin in taka kasuwa. Mun shiga watanda da gidaje biyar a layinmu. Daren 24 ga wata mijina zai karanta Luka sura 2, jikata za ta karanta aya ta 7 da kanta domin yanzu ta iya, sanye da takalmin bana, wanda na saya mata da girma ɗaya a sama saboda ya kai ta Ista. Idan wani daga cikinku ya sami sarari a daren, ƙofarmu a buɗe take, akwai tabarma da kunun zaƙi, sai dai mai gidan ne zai yi karatun.

Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi da hikima a aikin da ya kira ku.

Taku cikin Almasihu,
Wata uwa kuma malamar makarantar Lahadi,
Narayi, Kaduna.